Yaya Saude da Littafinta Guda Ɗaya

A wannan watan ne yayata Saude ke cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su san ta ba, kuma ban ga laifinsu ba. Littafi ɗaya tak ta rubuta a duniya, wani siririn littafin soyayya mai suna Sai Bayan Girbi. Ya fito ne lokacin da irinsa suka cika kasuwar Kano, ya yi ɗan tashensa a wurin matan aure da 'yan makarantar kwana, sannan aka manta da shi. Wanda ke hannuna ma bangonsa ya tafi, gara ta taɓa gefensa. Ni ƙaninta ne, sunana Iro, manomin shinkafa a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma rubutu ba sana'ata ba ce. Sai dai akwai wata tambaya da Yaya ta tafi kabari da ita, amsar kuma ta zo ta same ni har bakin gona bayan ba ta nan. Na gaji da riƙe ta ni kaɗai.

Kafin ruwan kanal, wato magudanar noman rani, ya iso gefenmu, shekara a wurinmu kashi biyu ce: damina, da bayan girbi. Da an kwashe dawa an kai rumbu, gonar Babanmu sai ta koma hannun baƙi. Wani Bafulatani da muke kira Baffa Umaru yakan sauko da iyalinsa da garkensa, ya kafa bukkoki a tsakiyar gonar, kusa da wata tsohuwar tsamiya. Shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki. Baba ya ba shi damman dawa, matansa su riƙa aiko wa Innarmu nono. Babu takarda, babu shaida. Kakanmu da mahaifin Baffa Umaru suka fara, 'ya'yansu suka taso suka tarar. In hadarin fari ya fara haɗuwa sai su naɗe kayansu, mu raka su bakin burtali, hanyar da aka ware wa shanu, a rabu da magana ɗaya: "Sai bayan girbi."

Baffa Umaru yana da ɗa, Buba, sa'an Yaya Saude. Tun suna yawo ba riga suke tare. Shi yana kiranta 'yar Kaɗo, ita tana kiransa ɗan Fillo, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunan yanka ba. Shi ya koya mata sunayen shanu da yadda ake kiran kowace ta ɗago kai. Ita kuma ta yi ta fama ta koya masa carafke, wasan mata, yana faɗuwa tana yi masa dariya har da hawaye. In Inna ta nemi Yaya ta rasa, ba ta wahalar da kanta, sai ta ce a duba gindin tsamiya. Duk damina Yaya takan tara masa abubuwa a wani tsohon gwangwani, ƙwallon goruba da duwatsu masu santsi da labaran abin da ya faru ba ya nan. Shi kuma ya zo mata da labarin garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba, rabinsu ƙarya.

Sai ruwa ya zo. Ba zan yi munafunci ba, murna muka yi. Mutanen da suka saba zaman kashe wando rabin shekara, ko tafiya cin rani, sai ga ruwa yana bin gefen gonarsu tsakiyar rani. Baba ya zuba alkama, ya yi fangalan albasa da tumatir. Da lokacin saukowar su Baffa Umaru ya yi, suka iso kamar kullum, suka tarar da gonar shar da ita har gindin tsamiya. Ina tsaye lokacin da Baba ya fita ya tarye shi, ya kasa haɗa ido da shi.

"Malam Umaru, ka ga yadda abin ya zama," in ji Baba. "Wallahi ko inda zan ɗaure akuya babu."

"Na gani, Malam Isa. Allah Ya sanya albarka. Ruwa ai ba abin ƙi ba ne."

Suka ci abinci tare, suka yi sallar azahar, garken ya juya. Babu wanda ya ce sai bayan girbi, don kowa ya san da an yanke alkama shinkafa ce za ta shiga. Yaya Saude ba ta gida a ranar, an aike ta Madobi wurin Gwaggonmu da ta haihu. Da ta dawo aka gaya mata, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Gwangwanin dai na gan shi a bayan rumbu, ya daɗe a nan har ya yi tsatsa.

Ina so a fahimce ni a nan, don na san bakin mutane. Yaya ba ta zauna jiran kowa ba. Ta girma, ta yi makaranta daidai gwargwado, ta auri Malam Sani, malamin firamare a Bunkure, kuma ita ta zaɓe shi da kanta. Sun zauna lafiya, sun haifi 'ya'ya, na shaida yana sonta tana sonsa. Da ta rubuta littafin, shi ya ɗauki takardun a bayan babur ɗinsa ya kai Kano aka buga. Masu tsegumi suka yi ta zuga shi, wai matarsa ta tona wa kanta asiri. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ni na samu Saude, ɗan Fulani ya samu littafi. Wa ya fi riba?" Allah Ya ƙara masa lafiya, yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai.

Labarin littafin ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Yarinyar manoma da yaron makiyaya sun taso tare, ruwa ya zo, aka rabu. Babu mugun uba, babu boka, babu mai kuɗin da ya shiga tsakani. Shi yana can yana bin ciyawa daga wannan ƙasa zuwa waccan, ita tana nan, shekaru suna tafiya. A shafin ƙarshe ta fito ta tsaya a kan gadar babban kanal, tana kallon kore iya ganinta, sannan ta koma gida ta ɗora tukunya. Shi ke nan.

Masu karatu ba su yafe mata wannan ƙarshen ba. Mata suka yi ta aiko da saƙo, wasu har gida suka zo, wai ta cuce su, sun yi kuka a banza. Mai sayar da littattafan da ke karɓar nata ya yi tattaki daga Kano, ya zauna a zauren Malam Sani yana roƙo.

"Hajiya, ki yi na biyu. Ki dawo da yaron nan ya yi arziki, a ɗaura aure, kowa ya huta."

"To Alhaji, na dawo da shi," in ji Yaya daga bayan labule. "Ina zan sa shanun?"

Ya ɗauka wasa take yi, ya yi dariya. Ba wasa take ba. Ta ce ita ba ta iya rubuta abin da ba ta ga hanyarsa ba. In ya nuna mata fili ɗaya tsakanin Kura da Bunkure da garke zai kwana bai taka shukar wani ba, gobe za ta fara na biyu. Bai nuna ba, ita ma ba ta rubuta ba. Taurin kai irin na gidanmu ne, ni ma ina da rabona.

Abin da ya tsaya mata a rai ba aure ba ne. Tambaya ce ƙarama: shin Buba ya taɓa juyowa? Duk mai tallan nonon da ta shigo gidanta sai ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, ta bi da dabara ta tambayi labarin iyalin Baffa Umaru. Wata ta ce an gan su wajen Bauchi. Wata ta ce sun yi kudu. Daga baya aka ce sun tsallaka Kamaru, daga nan labari ya yanke. A ciwonta na ƙarshe, wata rana da la'asar ina zaune kusa da ita, ta ce da ni, "Iro, ni ba wani abu nake nema ba. So nake kawai in san ko ya taɓa waiwayowa, ko ni kaɗai na yi ta tuna abin." Na ce mata tabbas ya tuna. Ta harare ni, don ta san ban sani ba. Wannan hararar har yau tana ci mini rai.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga yau. Yanzu littattafan soyayya a waya ake karanta su, shafi-shafi, marubuciya tana rubutawa masu karatu suna gaya mata wanda za ta aurar da wanda za ta kashe. Yaya ba za ta yi mako guda a cikinsu ba, za su kore ta. Jikarta Nana ta karanta littafin kwanan baya, ta zo ta same ni tana yatsina.

"Haba Tsoho, wannan wane irin labari ne? Me ya hana shi ya kira ta a waya?"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Amma ba wannan ne zai fi ɓata wa Yaya rai ba. Abin da zai fi yi mata ciwo shi ne yadda yaranmu suka taso ba su san makiyayi a matsayin baƙon gida ba. Yau in aka hango ƙahon saniya daga nesa, kafin a yi sallama an ɗauko sanda. Burtalin da muke rakiya a bakinsa an cinye shi da kaɗan-kaɗan, kowa ya ƙara taku ɗaya, har ya koma hanyar babur. Ni ma da nake wannan magana ban isa in ce a mayar da ruwa ba. Da shi na ciyar da gidana, da shi na sa 'ya'yana a makaranta.

Bara, muna tsakiyar yankan shinkafa, aka ce ina da baƙo. Na ɗago na ga wani dogon tsoho, ramamme, da 'yar sanda, yana tsaye a gindin tsamiya yana shafa jikinta. Ban gane shi ba sai da ya yi magana.

"Kai ne Iro mai majina? Ina 'yar Kaɗo?"

Buba ne. Na gaya masa ta rasu. Ya zauna a kan kunya, ya cire hularsa, ya daɗe yana addu'a. Daga baya ya ba ni labarinsa a taƙaice. Shanun sun ƙare, ciwo ya ɗauki wasu, ɓarayi suka kwashe sauran. Yanzu yana zaune wurin 'yarsa da ke aure a Kumbotso. Ban iya jira ba, na yi masa tambayar Yaya kamar yadda ta bar mini ita.

"Na zo mana," in ji shi. "Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da na girma na samu garken kaina, duk shekarar da hanya ta biyo da ni ta nan sai na ratso. In zo bakin gadar can in tsaya. Ina hango tsamiyar nan. Amma ko'ina kore."

"To me ya hana ka ƙarasowa?"

"Haba Iro. Makiyayin kirki ba ya dosar gona mai shuka, ko gaisuwa ce ta kawo shi. Saniya ɗaya ta sa baki a alkamar Malam Isa, zumuncin iyayenmu ya lalace a hannuna."

"Ka bar wa wani su, ka zo kai kaɗai mana!"

"Wa zan bar wa? Kuma in shigo gidanku ba shanu, a matsayin wa?" Ya juya yana kallon masu yankan shinkafa. "Yanzu da ba ni da ko ɗaya, ka ga ai na iso."

Na aika gida aka kawo littafin. Bai san da shi ba, kuma ba ya karatun boko, sai na karanta masa shafin ƙarshe, inda matar ta tsaya a kan gada. Da na gama ya karɓa, ya juya shi a hannunsa, ya miƙo mini. Ya ce, "Gadar ce. Ni daga wancan gefen nake tsayawa." Da yamma na raka shi titi ya hau mota, kuma babu wanda ya san abin da zai faɗa a wurin sallama.

To me ya rage na Yaya Saude bayan shekara goma sha ɗaya? Littafin ba ya kasuwa. Waɗanda suka yi kuka a kansa sun zama kakanni. 'Ya'yanta suna nan, Malam Sani yana yi mata addu'a kullum, wannan kuwa ya fi kowane littafi. Ni abin da ya rage mini shi ne gaskiyarta. An matsa mata ta yi ƙarya mai daɗi ta ƙi, ta ce ba ta ga inda za ta sa shanun ba, ashe a daidai wannan wurin mutumin yake tsayawa ya juya. Ta san dalilinsa sarai, ta rubuta shi da hannunta. Abin da ba ta sani ba shi ne yana zuwa.

Bana na bar fangalan da ke gindin tsamiya ban shuka komai ba. Maƙwabta suna ta yi mini dariya, wai Iro ya fara ruɗewa. Ciyawa ta fito ta bushe, babu saniyar da ta zo, kuma na san babu mai zuwa. Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da su Baba da Inna a gidan rahama. Ga amsar da na kasa ba ki ran nan da la'asar: ba ke kaɗai ba ce. Ya juyo, ya zo har gada. Gonarmu ce ba ta ba shi hanya ba.