Hayaƙin da Na Bar wa Mai Janareta

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, ina aikin ɗaukar kaya a wata ƙungiyar makaɗan jita a Sabon Garin Gusau. Ban manta shekarar ba, domin direbobi ba su da wata hira sai ita, kuma a sanadinta muka je Bungudu.

Kafin wannan aiki na yi shekara uku ina bin wani mai tallan magani kasuwa-kasuwa, tun daga Tsafe garinmu. Aikina shi ne ɗaura lasifika a kan motarsa, irin na ƙarfe mai faffaɗan baki. Ilimin da na samu a wurinsa guda ne: in murya ba ta kai ƙarshen kasuwa ba, a ƙara lasifika. A feƙe waya da haƙori, a murɗa ta a kan 'yar'uwarta, shi ke nan. Injinsa na batir bai taɓa ƙi ba, don haka na ɗauki kaina masanin waya.

Shugaban makaɗan, wanda muke kira Oga, mutumin kudu ne da ya tsufa a Sabon Gari, Hausarsa har da karin magana. Shi ke kaɗa jitar bes, mai igiya huɗu masu kauri, wadda ƙirji ke riga kunne jin ta. Kayansa kashi uku ne. Akwai ƙaramin akwati mai kwalabe biyu irin na rediyo a ciki, wanda jitar ke fara shiga don ya gyara muryarta. Daga shi sai amfilifaya mai ƙara wa muryar ƙarfi, babba mai kwalabe huɗu da ke yin ja in sun ɗumama. Daga amfilifaya sai akwatunan sifika guda biyu. A hannun wani Bature da zai koma gida ya saye su, kuma ba a samun irinsu a Gusau. Da su yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa uku.

Ranar da na fara aiki ya zaunar da ni ya koya mini. Siririyar waya tsakanin ƙaramin akwati da amfilifaya take, mai kauri kuma tsakanin amfilifaya da sifika, ba a musanya su. Ba a kunna amfilifaya sai sifika na haɗe. Ba a cire waya yana kunne. Ba a ɗora masa fiye da akwatunan nan biyu, don jaki ma akwai iyakar kayansa. Wajen kunnawa kuwa, a rage murya duka tukuna.

"Ƙarami ke riga babba tashi," ya ce, "babba ke riga ƙarami kwanciya. Kamar gidan mutanen kirki."

Ramukan da ake cusa wayoyin duk girmansu ɗaya, rubutu ne kawai a gefen kowanne. Oga ya ɗauko gwangwanin jan fenti zai yi mini alama, sai ya tsaya ya tambaye ni ko ina karanta boko. Mai ganga da mai kakaki suna zaune suna kallona. Na ce ina yi. Ya rufe gwangwanin ya mayar. Ni kuma na haddace ramukan da ido, na yi wata biyar ban yi kuskure ba.

Wani Alhaji mai motoci a Bungudu ya sayo sabuwar tirela mai sitiyari a hagu, ya shirya wa direbobinsa wasa bayan la'asar a fili kusa da tasha. Da janaretansa za mu yi aiki. Mai kula da janaretan wani dattijo ne daga Furfuri, wanda kuma shi ke tayar wa Alhaji injin niƙa. Tun da muka sauka yake hidima da mu, har tabarmarsa ya shimfiɗa don kada kayan su taɓa ƙasa. Na jera komai yadda aka saba, na ɗora ƙaramin akwatin a kan sifikar dama. Oga ya gwada, ya gamsu, aka ja shi cikin gida cin abinci.

A nan direbobi suka zagaye ni. Sun ce wannan kiɗa ko bakin tasha ba zai kai ba, alhali Alhaji so yake a ji shi har Furfuri. Wani ya kawo lasifikan ƙarfe huɗu da ake ɗaurawa a mota. Na ce Oga ya hana ƙari. Sai wani direba da ya san ni tun ina tallan magani ya yi dariya.

"Wanga ai shi ad da lasifika ga kasuwar Tsafe. Yanzu ya koma ɗan dako, sai an ba shi izni."

Ga kuma kawuna da 'ya'yansa sun zo daga Karakkai, an gaya musu ɗan'uwansu ne injiniyan wasa. Ba wanda ya tilasta ni. Na zaga baya, na feƙe wayar sifikar dama da haƙori, na murɗa wayoyin lasifikan huɗu a kanta, na rufe da tsumma.

Da aka fara kiɗa, na ji daɗin kaina na ɗan lokaci. Mutane suka yi ta waiwayen bishiyar da aka rataye lasifikan, kawuna yana nuna ni da baki. Amma waɗannan lasifika don muryar mutum aka yi su, ba don bes ba. Suka fara karkarwa kamar kwanon rufi a iska, biyu suka yi shiru. Na hango kwalaben amfilifaya sun yi wani ja da ban taɓa gani ba. Oga yana gaba, ya ba kayan baya, yana ta kaɗawa.

Da na rage murya na kashe amfilifaya, da ƙila an tsira da wani abu. Amma kashewa na nufin kiɗa ya tsaya kowa ya juyo. Sai na durƙusa na fizge wayoyin lasifikan, wai in raba su a ɓoye. Wayar mai kauri ta biyo su ta fita daga akwatin sifika. Na laluba rami na cusa ta. Ramin ƙaramin akwatin ne, wanda jita ke shiga. Duk ƙarfin amfilifaya ya koma cikin ɗan abin da aka yi don ya karɓi raɗa. Aka yi wata ƙara da ta sa yara toshe kunne, sifikar hagu ta yage, sannan hayaƙi mai warin ƙonannen kwalta ya tashi.

Kafin Oga ya ajiye jita ya zagayo, na cire wayar, na tsinke murɗaɗɗen gindin na tura cikin aljihuna. Wani daga cikin taro ya ce wutar janareta ce ta yi yawa. Alhaji ya juya kan dattijon janareta a gaban jama'a, ya ce ya kunyata shi, ya kuma umarce shi ya miƙo makullan injin niƙa. Dattijon ya cire su daga wuyansa ya bayar, yana rantsuwa bai taɓa komai ba. Direbobin da suka zuga ni suka sulale. Ina tsaye, guntun wayar yana sukar cinyata ta cikin aljihu.

Washegari muka kai kayan wurin mai gyaran rediyo a Gusau. Ya buɗe, ya shinshina, ya duba fiyus ya ga lafiyarsa lau. Ya ce da wutar janareta ce, ta nan za ta fara. Wannan ɓarna daga bakin sifika ta shigo. Ya ɗaga wayar mai kauri, ga sawun haƙori a jikin robarta. Oga ya dube ta, ya dube ni, ya biya kuɗin dubawa muka fito.

Bayan kwana uku dattijon ya zo Sabon Gari a kan keke, da zabi biyu ɗaure a baya, ya zo ba Oga haƙuri. Ni na tarbe shi a ƙofa, ni na karɓi zabin. Har ya tambaye ni ya muka ji da asara. Oga ya ba shi kujera, sannan ya juyo yana kallona. Na san abin da yake jira. Na sunkuyar da kai ina kwance igiyar ƙafar zabi, igiyar da ba ta buƙatar kwancewa. Daga ƙarshe Oga ya ce:

"Baba, janaretanka ba shi da laifi. Daga wajenmu ne."

Bai ambaci sunana ba. Ya mayar masa da zabinsa, ya aika wa Alhaji da bayani, amma an riga an ba wani makullan. Ni bai kore ni ba. Jakar wayoyi kawai ya daina ba ni, kuma wata rana na ga ya ajiye gwangwanin jan fentin nan a inda nake zama. Ban cika wata ba na koma Tsafe.

Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Yanzu da zan ga ramukan nan, zan karanta abin da ke gefensu. Na taɓa zuwa Furfuri neman dattijon, aka ce ya rasu da daɗewa, bayan ya koma noma.

Abin da aka rasa a ranar: ƙaramin akwatin, wanda bai sake tashi ba, taransifomar amfilifaya da kwalabensa huɗu, sifika ɗaya, lasifikan ƙarfe biyu, wata bakwai da Oga ya yi bai kaɗa bes ba, da aikin dattijo ɗaya na shekara goma sha ɗaya.