Uwani Mai Karɓar Yaye

A Zaitawa in aka ce za a kai yaro yaye, ba a tambayar gidan wa. Gidan Uwani ne. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, amma rabin samarin unguwar nan a bayanta muka yi fitsari, har da masu babbar riga da ke ɗaga wa mutane hannu daga cikin mota. Ni ma a can aka yaye ni. Ta ce cikin duk waɗanda ta raina ba wanda ya kai ni ci da rashin amfani, kuma har yau ban ƙaryata ta ba.

Sana'arta ke nan tun rasuwar mijinta. Uwa ta kawo yaro da ƙullin gero da gyaɗa, ta juya da sauri kada ta ji kukan. Uwani ta goya shi, ta dama kunu, ta yi ta lallashi har ya manta da nono. Ko bayan ya koma gida, kullum da safe a wurinta yake wuni, saboda matan layinmu ƙullin zane suke yi wa marinan Ƙofar Mata, kuma ba a riƙe allura da yaro a cinya.

Shekarar da soja suka sauka daga mulki, Sabo ya ci kansila. Shi ma ɗan goyonta ne. Ta yafa mayafi ta same shi a zaurensa.

"Sabo, ɗaki ɗaya nake so, da ɗan hatsi, da malamar asibiti mai leƙo mu."

"Inna, ai tituna ne a gabanmu yanzu. Yaran nan naki kuwa ko ƙuri'a ba su da ita."

"Ka je bakin kasuwa ka duba 'yan dakon da ke neman inuwa tun kafin azahar. Zan faɗa maka yadda aka yaye kowannensu. Wanda bai ƙoshi yana goye ba, da wane ƙarfi zai yi maka titin?"

Ya yi dariya, ya ce Inna ta iya siyasa, ya sa aka ba ta atamfa mai hotonsa. Da ita ta yi ta goyon yara, kuma fuskar Sabo ta sha abin da ya dace da ita.

Da damina Lauratu, matar Ɗantani, ta kawo 'yarta Ikram, ko tsayuwa ba ta fara ba. Lauratu ta samu ciki, kuma kowa a layin ya ce nonon mai ciki guba ne.

"Ke Lauratu, mayar da ita ki ci gaba da ba ta," in ji Uwani. "Na ga waɗanda suka sha ciki suka rayu. Waɗanda ake cirewa da wuri su nake tsoro."

"Inna, in wani abu ya same ta ni za a zaga. Kuma tun da aka rufe kamfanin su babanta, allurar nan ce ke ci da mu."

Gero kaɗai ta kawo, ba gyaɗa. Shekarar nan kowa gero kaɗai yake kawowa.

Ikram ta ƙi kunu. In aka ɗura mata, ya dawo, ko ya fita ta ƙasa. Gashinta ya yi ja. Daga baya kumatu da ƙafafu suka ciko, mata suka riƙa cewa masha Allah, yaye ya karɓe ta, dubi ƙiba. Lauratu ma ta ji daɗi, ta ƙara karɓo aiki. Uwani ta danna yatsa a ƙafar yarinyar, ta ɗaga, ramin ya zauna.

Ta goya ta, ta koma gidan Sabo neman mota. Aka ce yana Abuja taro. Ta taka har asibiti. Malamar da ta karɓe su ta yi mata faɗa a gaban jama'a.

"Baba, ku tsofaffi haka kuke, sai yaro ya gama lalacewa ku kawo shi."

Uwani ta kwance goyon, ta miƙa mata yarinyar.

Aka kwantar da Ikram, Lauratu ta ajiye allura, ita da Uwani suka tare a asibitin. Marina suka ba wasu aikin. Yaran da ke wuni a gidan Uwani suka koma cinyar iyayensu, ƙulli ya tsaya a layin gaba ɗaya, har wani marini ya zo yana tambaya ko yajin aiki matan Zaitawa suka shiga.

Ranar wata Alhamis da hantsi Ikram ta rasu. Uwani ce ta yi mata wanka. Ɗantani ya rungume ta a hannu zuwa maƙabarta, ba a ko nemi makara ba.

Ran sadakar uku wata mata ta shigo da ɗanta a kafaɗa da ƙullin gero. Uwani ta tambayi watanninsa. Da ta ji, ta miƙa mata geron, ta ce ta koma gida ta ba shi nono. Matar ta ce to, ta fita, ta kai shi wani gidan a Shahuci.