Kasat ɗin da ya maƙale a motar Mati

Yayana Mati bai iya faɗa ba, shi ya sa ni Fatsima nake yi masa. Tun muna yara a Azarori haka muke: a taka shi ya ce sannu, ni kuwa in ɗauko muciya. Ya girma ya zama shofar, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan wata tsohuwar hiyas tsakanin Madawa, Buza da Keita, buhunan albasa a sama, mutane da kajinsu a ciki. Bai taɓa zagin fasinja ba, ko da wanda ya yi masa amai a kujera.

Kowa a tasha ya san motar da ganga. Mahaifinmu, marigayi Rabo, makaɗin noma ne. In an yi gayya shi ke bin bayan samari da gangarsa yana yi musu kirari har su manta da ƙishirwa. Wata shekara wani ma'aikacin gidan gona ya zo da rakoda ya ɗauki kiɗan, ya bar mana kasat guda. A ciki akwai inda Baba ke kiran Mati, "Ɗan Rabo, hauya ta san hannun mai ita," sai a ji guɗar Inna daga bakin gona. Duk duniya nan kaɗai muryarsu ta rage. Ni na ɗiga wa ƙwanson kasat ɗin jan fenti don kar ya ɓace cikin na wasu.

Mati ya saka kasat ɗin a rediyon motarsa, maɓallin fitarwa ya karye, kasat ya zauna ciki shekara da shekaru. Na yi magana har bakina ya gaji, a ciro shi a kwafa. Kullum sai ya ce, "Bari dai, kar garin ciro shi a tsinke shi." Fasinjoji suna yi masa tsiya, wai ko tayoyin motar sun haddace waƙar. Shi dai murmushi, in an zo hawan dutse kafin Buza ya ƙara murya.

Sai ɗansa Walid, da ke ci-rani a Libiya, ya aiko masa da tsaraba: wani akwati mai cin faifan sede shida a tashi ɗaya, da sabon rediyonsa. Yaron kirki ne, so yake ubansa ya shiga sahun mutane. Mati ya rungumi kwalin ya kai wa Shafi'i, mai gyaran wutar mota a bayan tashar Madawa. Ina wurin, don rumfar da nake sayar da tuwo ba nisa.

Ba zan ci haƙƙin Shafi'i ba, ya iya aiki. Ya ɗaga kujerar gaba, ya huda ƙasan motar, ya ɗaure akwatin da kusoshi. Ya kwance wasu ƙananan kusoshi da ya ce na tafiya ne, in ba a cire su ba faifai ba ya juyawa. Ya murɗa wani ɗan maɓalli a gefe don akwatin ya san a kwance yake. Ya ja waya mai kauri ta ƙarƙashin shimfiɗa zuwa gaba, ya ja wata daga batir, ya kankare fenti ya ɗaure ta uku a jikin ƙarfe. Yana yi yana surutu kamar ya haɗiye rediyo.

"Baba Mati, yau ka hita daga ƙauye! Wanga abu ko Yamai ba kowa ad da shi ba."

Aka kira sallar Juma'a, Mati ya bi sahun mutane, ni ma masu cin tuwo suka taso mini. A zaton Mati sabon rediyon zai zauna kusa da tsohon ne. Bai tambaya ba, shi kuma wancan bai faɗa ba. Da ya dawo an riga an rufe komai, sabon rediyo na ƙyalli, fasinjojin Keita sun cika mota suna ta ƙorafi. Ya leƙa, ya ce ina tsohon. Shafi'i ya ce yana nan, ya je ya dawo. Mati, sarkin haƙuri, ya ja mota ya tafi.

Ga al'adar da ta cuce mu. A wurin masu gyara, duk abin da aka cire daga mota ya zama nasu, sai a jefa shi bayan shago, mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo ya kwashe. Wa ya kafa wannan doka, a wane littafi take, oho. Mota ta kwana a Keita, ruwa ya cika gulbi ya tsare su, kafin Mati ya dawo Jima mai ƙarafa ya riga ya wuce da amalankensa.

Da na ji, ko ludayin hannuna ban ajiye ba, na nufi shagon Shafi'i.

"Kai Shafi'i, ina kasat ɗin ubanmu?"

"Haba Inna, wane kasat? Ruɓaɓɓen rediyo na ciro. Haka aka yi ko'ina, abin da anka cire na mai gyara ne."

"In likita ya cire maka haure, sai shi tahi da kanka? Duk garin ga wa ab bai san gangar Rabo cikin motag ga take ba? Kai da kanka ka hau ta zuwa bikin ƙanwarka!"

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce abin da har gobe ban yafe ba: "To ai ga sede shidda, a samo mai wani kiɗin noma mana." Mati ne ya riƙe mini hannu. Wai a yi haƙuri. Haƙuri, haƙuri, tun muna yara kalmar nan nake ji, na tsane ta ranar.

Muka sami Jima a bayan kasuwa, zaune cikin tarkace da guduma. Ya riga ya fasa rediyon ya zare jan ƙarfen ciki. Kasat kuwa, ya ce ba ya da amfani gare shi, tarawa yake a buhu, manoma su zo su ɗiba, don dawa ta fara nuna, tsuntsaye sun sauko. Wani dattijo daga Sabon Gida ne ya kwashe na ƙarshe. Ni 'yar manomi ce, na san me ake yi da su.

Mati ya sauke fasinjojin da ya fara lodi, muka nufi Sabon Gida mu biyu. Sabon akwatin na ƙarƙashin kujerata, duk ramin da muka faɗa sai waƙar ta yi tsalle ta koma baya. Na ce ya kashe abin nan kafin in sa masa ƙafa.

Tun daga nesa muka hango gonar tana walƙiya. An kafa sanduna, an zare zaren kasat an ja shi daga wannan zuwa wancan, sama da kan dawa, iska na kaɗa shi yana wani ɗan kuka. Zare ya fi a ƙirga, an ƙulla wannan da wancan, duk launinsu ɗaya. A gindin wata bagaruwa muka ga ƙwansunan a zube. Na tona da hannuna har na ga mai ɗigon jan fenti. Babu komai a cikinsa.

Mai gonar ya zo, ya ji labari, ya yi salati ya ce mu kwance duk wanda muke so. Wanne? Mati ya kama wani zare a hankali zai naɗe a kara, rana ta riga ta gasa shi, ya tsinke a hannunsa. Ni kuwa idona ya rufe, na kama sanda zan tuge, in bi gonar in yage su duka, kowa ya rasa.

"Bari, Hwatsima," in ji Mati. "Ba ki ga tsuntsu ko guda bai sauka ba? Baba bai taɓa barin gona ba a ƙare aiki ba. Bar shi sai an yi girbi."

Na saki sandar, amma ban huce ba, kuma ba na shirin hucewa. Shafi'i ya daina cin tuwo a rumfata, ya kyauta wa kansa. Akwatin na nan ƙarƙashin kujera da faifansa shida, fasinjoji na jin daɗinsu, Mati ya gaya wa Walid a waya cewa tsaraba ta yi kyau. Sai dai in an zo hawan dutsen nan kafin Buza, yakan miƙa hannu ya kashe shi. Motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai nishin inji da yatsunsa a kan sitiyari, suna kiɗan noma.