Ƙarar da Maigidana Ya Janye a Landan

A shekarun da kuɗin mai ya yawaita a gida, gwamnati ta turo maigidana kwas Landan, na biyo shi da goyon wata huɗu. Muka kama ɗaki biyu a Plumstead, a saman shagon wani mai gyaran takalma. Bai cika wata shida ba ya sayi mota, don abokan aikinsa duk sun saya.

Wata Asabar muna dawowa a motar daga kasuwar Lewisham da doya da busasshen kifi, ana yayyafi, na tayar masa da maganar komawa gida. Na gaji da sanyi, na gaji da wuni a ɗaki ni kaɗai. Yana ba ni haƙuri ina ƙara ɗaga murya, har na ja hannun rigarsa na ce ya dube ni in da ni yake magana. Ya juyo ya dube ni. A daidai nan wani tsohon Bature ya sako ƙafa zai tsallaka titi, motar ta buge shi. Kwana uku ya yi a asibiti ya rasu.

Maigidana bai ambace ni a gaban 'yan sanda ba. Cewa ya yi hankalinsa ne ya tafi wani wuri. A kotu ya amsa laifi, alƙali ya ɗaure shi shekara biyu. Matar tsohon na zaune a bencin gabana, da hular mijinta a cinya.

Bayan mako guda lauyansa ya kira ni ofishinsa a Aldwych. Turancina bai da yawa a lokacin, sai matar wani likita ɗan Zariya ta raka ni ta yi min tafinta. Lauyan ya ce hukuncin ya yi nauyi, ya riga ya ɗaukaka ƙara, amma yana neman abin da zai nuna wa alƙalai. Ya tambaye ni ko akwai abin da ya faru a cikin motar. Na faɗa masa komai, a gaban matar nan. Ya rubuta, ya ce wannan zai iya sa a rage.

Ranar ziyara na tafi kurkuku da ɗan sauƙi a raina. Na tarar ya rame, an aske masa gemu. Tun kafin in zauna ya ce, "Lauya ya zo jiya. Na sa hannu, na janye ƙarar."

Na ce, "Malam, ni fa na ja ka."

"Ke kika ja, ni ke riƙe da sitiyari."

"To ai gaskiya ce za a faɗa."

Ya kalli 'yarmu a bayana. Can ya ce, "In aka faɗa, jarida za ta buga, kafin wata labari ya isa Kano. Ita kuma tsohuwar nan a sake jawo ta kotu ta ji ana ciniki a kan ran mijinta. Bar shi haka."

Na koma wajen lauya ina kuka. Ya ce takardar da aka sa wa hannu ta rufe maganar, ba abin da zai iya yi.

Wata goma sha shida ya yi aka sake shi. Aikinsa ya tafi, kwas ɗin ma haka. Bai taɓa goranta min ba har ya bar duniya, amma bai taɓa bari mun yi zancen ba. Na daɗe ina jin haushinsa, ba ni da wanda zan gaya wa, don ba mai fahimtar a ji haushin wanda ya rufa maka asiri.

Da muka sauka Kano, mahaifiyarsa ta rungume ni, ta yi ta sa min albarka saboda haƙurin da na yi da abin da ɗanta ya jawo mana. Na durƙusa ina cewa amin.