Ranar da Hajiya Ta Tsefe Kai a Gaban Bene

Ramlatu mai kitso ba tsawo ba ƙiba. Duk abin da Allah ya rage mata a jiki, ya zuba mata shi a yatsu da baki. Tun tana amarya take kitso a gidanta da ke bakin garin Rano, ta hanyar Kibiya, kuma kan da bai taɓa shiga tsakanin gwiwoyinta ba a unguwar nan sai dai na namiji. A tsakar gidanta mace ke cire ɗankwali ta sha iska, mai furfura da mai cinyayyen goshi, ana hira ana hango duwatsu ta saman katanga.

Bayan dawowar mulkin farar hula, Alhaji Sagiru, ɗan garin da ya yi arziki a Kano, ya saye gonakin bayan unguwar ya hau jera gidaje rututu. Da farko duwatsun suka ɓace, aka yi guna-guni aka haƙura. Da gini ya kai bene, sai ga tagogi sun wangame baki a kan gidajen mutane, magina na hango har makewayi. Maza suka yi ta zarya gidan mai unguwa, manyan riguna sai ka ce za a ci gari da yaƙi. Alhaji ya ce shi ci gaba ya kawo. Bawan Allah bai taɓa hawa benen ba, daga cikin mota yake duba aiki.

Mata suka ɗauke ƙafa. Wa za ta buɗe kai a gaban ƙarti? Sana'ar da Ramlatu ta ciyar da 'ya'yanta da ita ta kama hanyar mutuwa.

Ana nan sai ga Hajiya Hadiza, mahaifiyar Alhaji, ta zo kitso kamar yadda ta saba.

Ramlatu ta ce, "Hajiya, yau sai dai mu shiga ɗaki mu yi lalube."

"Me ya sami tsakar gidan?"

"Ɗanki ya ɗauko mana 'yan kallo, ga su can a sama."

Hajiya ta ɗaga kai ta daɗe tana duba. Sai ta zauna daram a kan tabarma, ta zare ɗankwali.

"Tsefe min a nan. A je a ce masa ya hau benensa ya leƙo, ina son mu gaisa."

Alhaji ya hau yana haki, tumbi na gaba yana biye. Yana leƙowa ya yi ido biyu da furfurar uwarsa, rabi a tsefe, magina na gefensa.

Hajiya ta ɗaga murya, "Kai mai bene! Ka gan ni da kyau, ko in matso?"

Saukowar da ya yi, ko yaro sai haka.

Kafin sati ya zagayo an toshe tagogin da bulo, an buɗe wasu sababbi ta ɓangaren titi. Duwatsun dai ba su dawo ba, Ramlatu kuma ba ta yafe ba, duk wadda ta zauna sai ta ji labari. Amma tabarma ta sake cika. Har matan sababbin gidajen suna layi, tana jan gashinsu tana cewa, "Yi haƙuri 'yar bene, a nan ƙasa haka muke kamawa."