Mashayar da Na Toshe

Ni maharbi ne, ɗan maharbi, daga ƙasar Ningi. Na zo Umra da niyyar kwana ashirin, ga shi gemuna ya yi fari a Jidda. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da kafilin da zai tsaya mini, saboda haka aikin cikin gari bai taɓa kwanta mini a rai ba. Na yi dako a Sharafiyya, na yi wankin mota a Madain Fahd, kullum sai in nemi wurin ɓuya idan na ji jiniyar 'yan sanda. Da aka ce wani tsohon Balarabe yana neman mai tsaron garke a kudu da gari, can inda kwalta take ƙarewa, ban tsaya tambayar komai ba, na ɗauki buhun kayana na bi.

Wurin ba daji ba ne irin namu. Fili ne fetal, tsakuwa da rairayi, sai 'yan itatuwan ƙaya nan da can, duwatsu kuma suna can gabas. Tsohon yana da tumaki da raƙuma kaɗan, da shingen waya, da tankin ruwa. A wajen shingen akwai kwamin siminti inda raƙuma suke sha idan sun dawo kiwo. Ruwan duk na saye ne. Motar tanki, wadda a nan ake ce wa wayit, ita take kawo shi duk bayan kwana uku. Direbanta Bahaushe ne haifaffen unguwar Kurayyat a Jidda, ya ba hamsin baya, kakansa ne ya zo a ƙafa daga ƙasar Hausa. Hausarsa rabi Larabci ce, ni kuwa ba na barin ta wuce ban yi masa tsiya ba. Yana ce mini ammi, wato baffa, ina ce masa ɗan Jidda.

Sati na biyu da zuwana na ga sawun doki a bakin kwamin. Na tsuguna na duba, na ce ko idona ne. Kofato ne sosai, wani ma da sauran ƙarfe a ƙafa ɗaya. Da asuba na laɓe a bayan tanki, sai ga su, guda bakwai, ba linzami ba igiya. Wata farar goɗiya ce a gaba, bayanta duk tabon sirdi, ita take tsayawa ta shaƙi iska kafin kowa ya matso. Akwai wani baƙin ingarma, da duƙushi ɗaya wanda a filin aka haife shi.

Ɗan Jidda ne ya gaya mini asalinsu. Mutane suna sayen doki don gayu, ko don hayar hawa a bakin gari. Idan ya tsufa, ko ya gurgunce, ko abincinsa ya yi wa mai shi nauyi, sai a loda shi a mota a kawo shi nan a sauke, a juya. Da yawa ba sa kai wata. Waɗanda suka yi tsawon rai su ne suka haɗu suka zama garke. Wallahi ranar raina ya ɓaci. A garinmu mutum yakan hana kansa tuwo ya sayo wa dokinsa harawa.

Amma gaskiya ɗaya ce, dawakan nan ɓarna suke yi. A shekara sau ɗaya ko biyu ake ɗan yayyafi, ciyawa ta ɗan leƙo. Kafin tumakinmu su kai, dawakai sun tsige ta har saiwa, sun tattake sauran. Ruwan kwana uku ya koma na kwana biyu. Ranar da ingarman ya harbi ɗan raƙumi a bakin kwami ya karya masa ƙafa, tsohon ya zo da kansa. Ba mugun mutum ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Ya fito da wani abu naɗe cikin bargo daga bayan kujerar motarsa, ya buɗe, bindiga ce. Ya ce ya ji ni maharbi ne. Ya ce ya kai kuka inda ake kaiwa, babu wanda ya ce dawakansa ne, babu kuma wanda ya zo. Har ya ƙara da cewa a wurinsu naman doki halal ne, idan ina so in yanka in ci.

Hannuna ya yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ban riƙe bindiga ba. Sai dai mahaifina, Allah ya ji ƙansa, bai ba ni baka da kwari ba sai da ya ɗora mini sharaɗi: abu biyu kaɗai zan kashe, wanda zai shiga tukunya da wanda yake cin mutane. Mu ba ma cin doki, doki kuma ba ya cin kowa. Kuma muna da hanyarmu ta korar dabba ba tare da jini ba. Idan ɓauna ko gadu suka addabi gonaki, ba harbi ake fara yi ba. Mashayarsu ake nema a toshe da ƙaya, a rataya tsumma mai warin mutum, a yi hayaƙi. Kwana biyu, uku, sai su haƙura su koma wani tafkin, su bar yankin gaba ɗaya. Na yi wannan aiki tare da mahaifina ba sau ɗaya ba, bai taɓa ba mu kunya ba.

Na mayar wa tsohon da bindigarsa. Na ce ya ba ni sati ɗaya, zan raba shi da dawakan, kuma ko ɗaya ba zai mutu ba. Ya dube ni ya ce halas, shi ke nan, sati ɗaya.

Na ja waya na zagaye kwamin ya koma cikin shinge. Na saro ƙaya na jera a gindin wayar, na rataya tsohuwar rigata, na ƙona tsummoki. Ina cikin aikin wayit ya iso. Ɗan Jidda ya sauko ya tsaya yana kallo, ya tambayi me nake yi, na yi masa bayani da alfahari. Sai ya ce, “Ya ammi, su koma ina? Mafi moya, ba ruwa. Daga nan har duwatsun can babu ruwa sai wanda na zuba da hannuna.”

Na ce masa ya rufe mini baki. Na ce shi da aka haifa a gidan sama, ya tashi yana murɗa famfo, me ya sani game da daji? Na ce ba a yi ƙasar da dabba ba ta da mashaya ta biyu ba, ita ta sani, mu ne ba mu sani ba. Har na ce masa ya fara koyon Hausa tukuna kafin ya koya wa maharbi farauta. Bai yi fushi ba. Ya cika tanki, ya naɗe tiyonsa, ya ce Allah ya sa ni ne mai gaskiya.

Ranar farko dawakan sun zo da asuba, goɗiyar ta shaƙi rigata ta ja da baya, suka yi ta zagaye. Rana ta biyu ba su tsaya nesa ba, suka zo har jikin waya suna kallon raƙuma suna sha. Duƙushin yana ta cusa baki ta ramin wayar. Na jefe su da tsakuwa, ina ce wa kaina tausayi ne nake yi musu, gara jifa da harsashi. Rana ta uku da hantsi goɗiyar ta juya ta nufi gabas, sauran suka bi ta a jere. Na yi hamdala. Da ɗan Jidda ya zo na nuna masa sawun, na ce to, malamin daji, ga ɗalibanka sun tafi. Ya dai daɗe yana kallon duwatsun.

Kwana biyu ban ga ko ɗaya ba. Ya kamata in ji daɗi, amma barci ya ƙi. Abin da ya dame ni tsuntsaye ne. Duk inda ruwa yake, da safe za ka ga kurciyoyi sun nufi can. Na zauna na lura, duk kurciyar da ta tashi a filin nan kwaminmu take nufa, ta gabas da ta yamma. Tun ranar farko abin yana gabana, ni da nake taƙama da karanta daji ban duba ba.

Na cika jarka biyu na ɗora wa raƙumi, na bi sawu. Tafiyar ta kai ni wani busasshen kwari a gindin duwatsu. Nan na ga inda suka yi tono da kofato, ramuka har gwiwa, ƙasar ciki a bushe ƙamas. Duƙushin yana kwance a bakin rami ɗaya, ya riga ya kumbura. Daga nan sawun ya juyo, ya kama hanyar komawa wurinmu ta wani ɓangaren. Na bi. Na samu biyu a mace a ƙarƙashin wata ƙaya mai inuwar da ba ta kai tabarma ba. Ingarman ya fi su nisa, ya faɗi a fili, ya yi ta shure-shure har ya share ƙasa kewaye da shi. Sauran biyun ban ma je kusa ba, na hango su.

Goɗiyar na tarar a gida. Ta dawo ina can ina bin sawunta, ta kwanta a jikin wayar, daidai inda rigata take rataye. Na yanke wayar, na kawo ruwa a roba na kai mata baki. Ta ɗan motsa leɓe, ruwan ya bi ta gefe ya zube. Na jiƙa rawanina ina matsa mata a harshe, ina yi mata magana da Hausa kamar za ta ji. Har la'asar muna haka. Da na ga wahala kawai nake ƙara mata, na ɗauko wuƙar yankan tumaki na yi bisimilla.

Ɗan Jidda ne ya taya ni jan ta da motarsa zuwa nesa. Na jira ya ce ai ya gaya mini, da na samu wanda zan yi wa faɗa. Bai ce ba. Ya miƙo mini ruwa mai sanyi, na kasa sha. Tsohon kuwa da ya zo ya ga babu doki ko ɗaya, ya yi mini godiya, ya ce lallai ni maharbi ne na gaske. Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Harsashi bakwai da sun gama aikin kafin rana ta yi zafi, ni na ja shi kwana biyar, don kada a ce na karya sharaɗin mahaifina.

Na mayar da kwamin waje kamar da. Ba a yi wata biyu ba, wata safiya na ji ƙarar mota daga wajen kwalta, ta tsaya, ta juya. Da ƙura ta lafa sai ga dawakai biyu a tsaye, ɗaya yana ɗingishi, ɗaya da ragowar ado a goshi. Kafin yayyafi ya zagayo sun zama biyar, ciyawar da ta fito kuma ba ta kwana uku ba. Tumaki suka rame, tsohon ya sake zuwa da bargonsa. Wannan karon bai yi dogon bayani ba, ya ɗora shi a kan tanki ya tsaya.

Ɗan Jidda yana wurin, yana riƙe da tiyo. Ya ce, “Ammi, ba dole ba ne.”

Na ce masa na sani. Na buɗe bargon, na duba bakin bindigar, na tambayi tsohon harsashi nawa ya kawo.