Daga Rumbun Agaji Zuwa Murhun Hayin Banki

Ranar Talata ce. Na yi sallar asuba, na sha kunu a tsaye. Shekarata shida ke nan ina aikin agaji a wani gari can gabas, muna raba hatsi ga 'yan gudun hijira. Ɗakina yana jikin rumbun. Nan ne gidana.

Ƙarfe bakwai mata suka yi layi da katunansu. Ina zaune kan buhun masara ina kiran sunaye.

Bakwai da kwata muka ji rugugin babura daga yamma. Sai harbi, ɗaya-ɗaya da farko, sannan kamar ƙanƙara a kan rufin kwano.

"Ku kwanta!" in ji Malam Bukar, direbanmu.

Layin ya watse. Takalma, kwanuka, kukan jarirai. Wani abu ya fashe a bakin ƙofa, ƙasa ta cika mini baki.

"Ina mai makulli? Ta fito!" in ji ɗaya daga cikin maharan.

Makullin babban rumbu yana ɗaure a bakin zanena. Na rarrafa ta bayan banɗaki, na kwance shi, na jefa a rijiya. In za su ci hatsin marayu, ba da hannuna ba.

Takwas saura na faɗa gonar gero. Da na waiga, hayaƙi ya turnuƙe rumbun. Na bi busasshen rafi, ƙafa ba takalmi. Da azahar na tsinci wata tsohuwa a gindin tsamiya, na goya ta. Da la'asar wata motar yashi ta ɗauke mu. Kwana uku bayan nan na sauka a tashar Kawo.

Wata biyu ban fita ba. Yayana ya samo mini aikin ofis a Unguwar Rimi, wai in huta da ciyar da mutane. Na ce masa a'a. Waɗanda suka ƙona rumbun nan ba su ne za su zaɓa mini sana'a ba.

Na karɓi gonar mahaifinmu a Katabu. Takin shanu kawai nake zubawa, ba na feshi. Na kafa rumfar abinci a Hayin Banki, benci huɗu. Faten tsaki da rama, tuwon dawa, miyar zogale da daddawa, babu dunƙule. Maƙwabta suka ce ba wanda zai ci. Yau kafin ƙarfe biyu tukwane sun ƙare, masu keke da malaman makaranta har suna rigimar wurin zama. Nan ba layi, ba kati. Kowa da sunansa nake zuba masa.

Masu zuwa kullum sun san su tsaya ta damana in za su yi magana. Kunnena na hagu bai sake ji ba.

Mu tara ne a wurin aikin agajin. Shida muka fito. Malam Bukar an sami gawarsa a gindin motarsa. Falmata da Isa, har yau ba labari.